Inda Ruwa Ke Shigowa

Shekara ashirin ina riƙe da alli a Funtuwa,
ina zana koguna a allo, ina faɗin inda suke zubawa.
Yaron da ya kasa, sai in nuna shi da bakin bulala:
"Barau, in ba ka yi karatu ba,
ƙarshenka ƙarƙashin mota, baƙin mai har wuya."
Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na dara.

Sai ga ni a Leeds.
Takarduna na cikin akwati, ƙarƙashin gado, suna sharar barci.
Shekara goma sha ɗaya ina gadin sito,
daga ni sai tocila, sai agogon bango
da ba ya sauri don kowa.

Ran da bututun kicin ya fashe,
sanyi na shiga ƙashi kamar allura,
wani yaro ya zo, ko gemu bai tsiro masa ba,
ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa, ya murɗa,
kafin shayi ya huce ya miƙe.
Fam tamanin.
Gadin dare guda cur ya tafi a aljihun wandonsa.
Zafin kuɗin bai kai zafin kunya ba:
ni da na san mafarin Kwara da inda ta faɗa teku,
ban san ta ina ruwa ke shigowa gidana ba.

Talata da Alhamis, ƙarfe shida, kwalejin sana'a.
Na rubuta shekaruna a fom: hamsin da shida.
Matar da ke kan tebur ko gira ba ta ɗaga ba,
ta ce, "Ɗaki na huɗu. Ka zo da takalmi mai bakin ƙarfe."

Malamarmu Bethan, sa'ar 'yata ta biyu ce.
Ta kama hannuna ta gyara min riƙon wuta:
"Tanimu, ba dalma za ka gasa ba, gasa bututun,
in ya yi zafi shi zai kira ta da kansa."
Na ce to.
Rabon da in ce wa malami to, har na manta.

Haɗina na farko ya yi yoyo. Na biyu ma haka.
Na uku ya tsarto min ruwa a tabarau,
Warsame ya yi dariya har da riƙe ciki.
Gareth kuwa, da masana'anta ta sallama yana da sittin,
ya miƙo min tsumma bai ce uffan ba.
Nasa ya fi nawa zuba.

A gida an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na yarda, in icce ne.
Amma na ga tagulla, busasshiya, mai taurin kai,
ta rusuna a hannuna ba ta karye ba.
Abin da take so, a bi ta a sannu.

Da dare tebur ɗaya muke da jikata Iklima,
ita da lissafinta, ni da nawa.
Ta ce, "Kaka, kai ma ana ba ka aikin gida?"
Na ce ana ba ni, har a bi ni da jan biro.

Watan Janairu, ƙarfe biyun dare,
tsohuwar maƙwabciyata ta buga ƙofa da sanda,
ruwa har idon sawu, tana rawar ɗari cikin rigar barci.
Na rufe babban famfo. Na yanke, na goge, na gasa.
Dalma ta zagaye haɗin kamar zoben azurfa.
Na sako ruwa, muka yi tsit muna saurare,
ni da ita da kyanwarta.
Ko ɗigo.

Yanzu akwai wata lamba a wayata,
wani ne ya samo min ita daga Funtuwa.
An ce garejinsa ya kai rumfa shida,
yara talatin na koyo a hannunsa.
Yau kwana tara ina kallonta,
na rasa da me zan fara:
"Barau, malaminka ne,"
ko kuwa, "Barau, wani ɗalibi ne ke sallama"?